Hasken Infared: Yadda Masana Ke Ganin Taurarin Da Ƙura Ta Ɓoye

Hasken da idon ɗan Adam yake iya gani ɗan yanki ne kawai na hasken da ke zuwa daga sararin samaniya. Taurari da gajimaren ƙura da ke tsakaninsu da manyan gungun taurari duk suna fitar da wani nau'in haske da ido ba ya kamawa, wanda masana ke kira infared, ma'ana hasken da ke ƙasa da ja. Da wannan haske ne ake leƙa wuraren da ake haifar sababbin taurari, ake bin tafiyar taurarin da ke tsakiyar gungunmu, ake kuma hango gungun taurari mafi nisa da aka taɓa gani. Shi ne kuma hasken da madubin hangen nesa na James Webb yake amfani da shi wajen ɗaukar hotunan da suka bazu a duniya tun daga shekarar 2022.

Mene ne hasken infared?

Haske yana tafiya ne a matsayin igiya, kuma tsawon igiyar ne ke bambanta launi da launi. Ana auna wannan tsawo da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ido yana ganin hasken da ke tsakanin maikiron 0.4 da 0.7. Shuɗi yana ɓangaren gajeru, ja kuma yana ɓangaren dogaye, kamar yadda suke jere a bakan gizo. Daga inda ja ya ƙare infared yake farawa, ya ci gaba har zuwa kusan milimita ɗaya.

Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da haske, kuma yawan zafinsa ne ke nuna irin hasken da zai fi fitarwa. Fuskar rana tana da zafin kusan digiri 5,500 a ma'aunin Salsiyos, saboda haka mafi ƙarfin haskenta yana cikin yankin da ido ke gani. Jikin mutum, mai zafin digiri 37, yana fitar da nasa a kusa da maikiron 10. Ƙurar da ke tsakanin taurari, wadda sanyinta kan kai digiri 250 ƙasa da sifili, tana fitar da nata a wajen maikiron 100.

Jama'a suna hulɗa da wannan haske kullum. Ɗumin da ake ji a fuska idan an tsaya gaban murhun gawayi bayan harshen wuta ya mutu, infared ne. Na'urar da aka riƙa nuna wa goshin mutane a ƙofar asibitoci da filayen jiragen sama lokacin annobar korona, shi take aunawa. Rimot ɗin talabijin ma da shi yake aika umarni. Idan aka danna rimot a gaban kyamarar wayar salula, a wayoyi da yawa za a ga ƙwan da ke bakinsa yana ƙyalli a fuskar wayar, alhali ido bai ga komai ba.

Yadda aka gano shi

Masanin taurari William Herschel ne ya gano infared a Ingila a shekarar 1800. Ya sa hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku domin ya rarrabu zuwa launuka, sannan ya ajiye ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya matsar da ma'aunin gaba da ja, inda babu wani haske a ido, sai ya ga zafin ya ƙaru.

An ɗauki fiye da shekara 150 kafin wannan ilimi ya yi amfani sosai a nazarin taurari, domin babu na'urorin da za su iya jin ɗan ƙaramin ɗumin da ke isowa daga nesa. A 1856 Charles Piazzi Smyth ya auna ɗumin wata daga kan dutse a tsibirin Tenerife. Canji na gaske ya zo a 1961, lokacin da Frank Low na Amurka ya ƙera na'urar auna ɗumi da ake sanyayawa da ruwan iskar hiliyom. A cikin shekarun 1960 Gerry Neugebauer da Robert Leighton suka binciki sararin sama a maikiron 2 daga dutsen Wilson a jihar Kalifoniya, suka lissafa dubban taurari masu ƙarfi a infared, waɗansunsu da kyar ake ganinsu a hasken ido. A 1967 Neugebauer da ɗalibinsa Eric Becklin suka gano wani tauraro matashi da ke binne cikin ƙurar gajimaren Oriyon, wanda madubin hasken ido bai taɓa nunawa ba.

Dalilin da ya sa yake ratsa ƙura

Sararin da ke tsakanin taurari yana ɗauke da iska da ƙura. Ƙwayoyin ƙurar ƙanana ne ƙwarai, yawancinsu ba su kai maikiron ɗaya ba, kuma sun fi kama da hayaƙi fiye da turɓaya. Irin waɗannan ƙwayoyi suna warwatsa haske mai gajeren igiya, amma mai dogon igiya yana wuce su ba tare da an rage shi da yawa ba.

Mazauna kudancin Kaduna sun san misalin wannan a lokacin ƙona daji. Idan hayaƙi ya turnuƙe da yamma, rana takan koma ja wur, domin hayaƙin ya warwatsa shuɗin haskenta, jan ne kawai ya iso ido. Infared ya fi ja tsawon igiya, don haka ya fi shi iya ratsawa. Wannan ne ya sa 'yan kwana-kwana a ƙasashe da dama suke amfani da kyamarar ɗumi wajen neman mutane a ɗakin da hayaƙi ya cika.

Akwai dalilai uku da suka sa masana taurari ke bukatar wannan haske. Na farko shi ne ratsa ƙura. Na biyu, abubuwa masu sanyi, irin su duniyoyi da taurarin da ba su gama haɗuwa ba da ita kanta ƙurar, a infared suke fitar da mafi yawan haskensu. Na uku kuma, sararin samaniya yana faɗaɗa, kuma wannan faɗaɗa tana miƙe igiyar hasken da ya daɗe yana tafiya. Hasken da ya bar gungun taurari masu nisa a matsayin shuɗi, kafin ya iso nan ya riga ya koma infared.

Gajimaren da ake haifar taurari

Nebula shi ne sunan da masana suka ba gajimaren iska da ƙura a sararin samaniya. Wanda ya fi shahara shi ne na Oriyon, kuma ana iya ganinsa da ido a dare mai duhu. Daga Manchok ko Kafanchan, a watannin Disamba zuwa Fabrairu, taurari uku da ke jere a layi ɗaya suna hawa kusan tsakiyar sama da daddare. A kudu da su kaɗan akwai wani ɗan gajeren layi na taurari marasa ƙarfi, kuma na tsakiyarsu yana da ɗan hazo. Wannan hazo shi ne gajimaren Oriyon. Nisansa ya kai tafiyar haske ta shekara 1,350, kuma a shekara ɗaya haske yana cin kusan kilomita tiriliyan 9.5.

A hasken ido, fuskar gajimaren kawai ake gani. A infared ana ganin ɗaruruwan taurari matasa a cikinsa da bayansa, da yawa suna kewaye da faifan ƙura wanda daga irinsa ne duniyoyi ke samuwa. Masana sun yi ittifaƙi cewa rana da duniyarmu a irin wannan wuri suka samu, shekara biliyan 4.6 da suka wuce.

Misali na biyu shi ne ginshiƙan ƙura da ke cikin gajimaren Mikiya. Madubin Hubble ya ɗauki hotonsu a 1995, suka fito baƙaƙe masu kauri. Da madubin Webb ya ɗauke su a infared a 2022, ginshiƙan sun zama kamar labule mai shara-shara, jajayen taurari sababbi suna bayyana a bakinsu.

A cikin jerin taurarin Oriyon ɗin akwai jan tauraro da ake kira Betelgeuse, sunan da ya samo asali daga Larabci. A ƙarshen 2019 da farkon 2020 haskensa ya dusashe ƙwarai, har aka yi ta raɗe-raɗin cewa zai fashe. Bincike ya nuna cewa ƙurar da shi kansa ya fitar ce ta rufe wani ɓangare na fuskarsa, daga baya kuma haskensa ya dawo.

Tsakiyar gungunmu

Galaksi shi ne babban gungu na biliyoyin taurari da ke juyawa tare. Rana tana cikin ɗaya daga cikinsu, kuma farar hanyar nan da ke ratsa sama a dare marar wata gefen gungun namu ce. Baƙaƙen tsaga da ake gani a cikinta ƙura ce da ta tare hasken taurarin da ke baya.

Tsakiyar gungun tana da nisan tafiyar haske ta kusan shekara 26,000. Ƙurar da ke kan hanya tana da yawan da hasken ido daga can kusan ba ya isowa ko kaɗan. A maikiron 2 kuwa, kusan kashi ɗaya cikin goma yana wucewa. Tun daga shekarun 1990, ayari biyu na masana, ɗaya ƙarƙashin Reinhard Genzel na Jamus da madubai a ƙasar Chile, ɗaya ƙarƙashin Andrea Ghez ta Amurka da madubai a Hawai, suka riƙa bin taurarin da ke tsakiyar shekara bayan shekara. Ɗaya daga cikin taurarin, mai suna S2, yana kammala zagaye a cikin shekara 16. Daga saurinsa aka lissafa cewa abin da yake zagayawa ya ninka rana nauyi kusan sau miliyan 4, kuma ya matse a ƙaramin wuri. Baƙin rami ne, wato wurin da ƙarfin jansa ya hana ko haske fita. Wannan aiki ya sa Genzel da Ghez suka samu rabo a kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2020.

Cikas biyu: danshi da ɗumi

Babban abin da ke hana kallon sama a infared daga doron ƙasa shi ne tururin ruwa da ke cikin iska. Yana shanye mafi yawan wannan haske, ya bar waɗansu 'yan kafofi kaɗan da haske ke iya bi. Saboda haka ake gina madubai a kan duwatsu masu tsawo a wurare busassu. Dutsen Mauna Kea a Hawai ya haura mita 4,200, kuma a can aka buɗe manyan madubai biyu na infared a 1979, ɗaya na Birtaniya, ɗaya na hukumar NASA. Hamadar Atacama a Chile ita ma tana ɗauke da manyan madubai. NASA da Jamus sun taɓa ɗora madubi a cikin jirgin Boeing 747, wanda ke tashi sama da mafi yawan danshin iska. An kira shirin SOFIA, ya tabbatar da alamar ruwa a ɓangaren wata da rana ke haskawa a 2020, aka rufe shi a 2022.

Cikas na biyu shi ne ɗumin madubin kansa. Tun da duk abu mai ɗumi yana fitar da infared, madubin da ba a sanyaya ba yana haskaka kansa, kamar mai neman tauraro da fitila a kunne a gaban idonsa. Dole ne a sanyaya na'urorin zuwa kusa da iyakar sanyi. Hanyar da ta fi magance matsalolin biyu ita ce kai madubin sararin samaniya.

Madubai a sararin samaniya

Na farko da ya binciki kusan dukkan sama a infared shi ne IRAS, haɗin gwiwar Amurka da Holan da Birtaniya, wanda aka harba a Janairun 1983. Ya yi aiki wata goma kafin ruwan hiliyom ɗinsa ya ƙare. A wannan ɗan lokaci ya gano dubban ɗaruruwan wurare masu fitar da infared, da zoben ƙura a kewayen tauraron Vega, da gungun taurari da mafi yawan ƙarfinsu a infared yake fita. Daga irin wannan bincike aka fahimci cewa ƙura tana shanye kusan rabin hasken da taurari suka fitar a tarihin sararin samaniya, sannan ta sake fitar da shi a matsayin ɗumi.

Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba ISO a 1995, sannan Herschel a 2009 mai madubin mita 3.5. NASA ta harba Spitzer a Agustan 2003, ya yi aiki har Janairun 2020. Spitzer ya taka muhimmiyar rawa a 2017 wajen tabbatar da duniyoyi bakwai masu girma kusan irin na duniyarmu a kewayen ƙaramin tauraron TRAPPIST-1.

Mafi girma shi ne James Webb, haɗin gwiwar Amurka da Turai da Kanada. An harba shi ranar 25 ga Disamba, 2021 daga Kourou a yankin Guiana na Faransa. Faɗin madubinsa mita 6.5 ne, an haɗa shi da faranti 18 masu kusurwa shida, an shafe su da siririn zinare saboda zinare yana mayar da infared da kyau. Yana can kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya, a bayan laima mai hawa biyar da ke kare shi daga rana. Ɗaya daga cikin na'urorinsa tana aiki a digiri 266 ƙasa da sifili.

An fitar da hotunansa na farko a Yulin 2022. A Agustan shekarar aka sanar cewa ya gano iskar kabon dayokzaid a sararin wata duniya mai suna WASP-39b. A 2024 ya tabbatar da wani gungun taurari da haskensa ya taso tun sararin samaniya yana da shekara kusan miliyan 290, alhali yau shekarunsa sun kai biliyan 13.8. Girma da ƙarfin hasken waɗannan gungu na farko sun wuce abin da masana da yawa suka yi tsammani, kuma ana ci gaba da muhawara a kan yadda suka girma da sauri haka.

Launukan da ke cikin hotunan

Mutane kan tambaya ko launukan hotunan Webb na gaskiya ne. Tun da ido ba ya ganin infared, babu launin da za a ce shi ne nasa. Madubin yana ɗaukar hoto baƙi da fari sau da yawa, kowanne a tsawon igiya daban. Masu haɗa hoton sukan ba mafi gajeren igiya shuɗi, na tsakiya kore, mafi tsawo ja. Siffofin da ke cikin hoton da bambancin haskensu awo ne na gaskiya, launin kuma fassara ce zuwa abin da ido zai iya karantawa.

Matsayin Afirka da Nijeriya

A Sutherland da ke Afirka ta Kudu akwai madubin infared mai faɗin mita 1.4, wanda aka gina tare da Jami'ar Nagoya ta Japan, ya fara aiki a 2000. Ƙasashen Masar da Maroko da Habasha suna da nasu wuraren nazarin taurari. Afirka ta Yamma ba ta da babban madubin infared, kuma yanayin ƙasa yana cikin dalilai. Tudun Jos, wanda Manchok da tsaunukan Kagoro suke gefensa, matsakaicin tsawonsa kusan mita 1,300 ne. Dutse mafi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi a jihar Taraba, bai kai mita 2,500 ba. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina tana cika iskar kudancin Kaduna da danshi da gajimare, kuma a lokacin ne tsakiyar gungunmu take fitowa da farkon dare. Idan hunturu ya shigo iska tana bushewa, amma sai ƙurar hamada ta taso. Ƙwayoyinta sun fi na ƙurar sararin samaniya girma, suna dusashe haske, suna kuma lalata fuskar madubi.

Duk da haka Nijeriya ta daɗe tana amfani da infared, sai dai ƙasa take kallo da shi. An kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Harkokin Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, a 1999. An harba tauraron ɗan Adam na NigeriaSat-1 a Satumban 2003 ɗauke da kyamarar da ke ɗaukar kore da ja da infared na kusa, haka ma NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agustan 2011. Ganye mai lafiya yana mayar da infared na kusa da ƙarfi, wanda fari ko cuta ta taɓa kuma yana mayar da kaɗan. Ta haka ake iya auna lafiyar gonakin masara ko citta, da raguwar daji, daga sama. Cibiyar hukumar mai kula da nazarin ƙasa daga nesa tana Jos, cibiyarta ta nazarin taurari kuma tana Nsukka a jihar Enugu. Hotunan gajimare da masu hasashen yanayi ke dogaro da su da daddare su ma na infared ne.

Rashin madubi a gida ba ya hana shiga wannan fanni. Bayanan da Spitzer da Herschel suka tara suna buɗe a intanet kyauta. Na Webb ma ana sakinsu ga kowa, waɗansu nan take, waɗansu bayan wa'adin da yawanci ba ya wuce shekara ɗaya. Ɗalibin fiziks a Zariya ko Jos ko Kafanchan da ke da kwamfuta da intanet da ilimin lissafi zai iya sauke bayanai iri ɗaya da waɗanda masana a Turai ke aiki da su. Abin da ake bukata shi ne malamai masu horo da wutar lantarki da intanet mai ƙarfi.

Yankin yana da wata fa'ida ta daban. Manchok tana kusan digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka ana ganin mafi yawan taurarin arewa da na kudu a cikin shekara. Gungun Andromeda, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5, yana bayyana a arewa kamar ɗan hazo daga Oktoba zuwa Disamba. Kaza da 'ya'yanta da gajimaren Oriyon suna sama a lokacin hunturu. Gajimaren Karina, wanda wani yanki da ke gefensa ya fito a hotunan farko na Webb, yana ƙasa-ƙasa a kudu a watannin Maris da Afrilu, inda mazauna Turai ba sa iya ganinsa ko kaɗan. Ƙaramin madubin hannu mai ido biyu ya isa malamin makaranta ya nuna wa ɗalibansa waɗannan wurare, sannan ya kwatanta abin da suka gani da hoton infared na wurin a waya.